Pokémon GO: Yadda Wasan Waya Ya Cika Lambun Shaƙatawa Har Magana Ta Kai Kotu

A gaɓar tafkin Michigan, cikin birnin Milwaukee na jihar Wisconsin a Amurka, akwai wani tsohon lambun shaƙatawa da ake kira Lake Park. Frederick Law Olmsted, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka tsara shahararren lambun nan na Central Park a birnin New York, shi ne ya zana fasalinsa tun a shekarun 1890. Wuri ne mai ciyawa da manyan itatuwa, da gadoji masu mutum-mutumin zakuna, da wata tsohuwar hasumiyar fitila da a da take haska wa jiragen ruwa hanya. Sama da shekara ɗari mutanen unguwar sun san shi a matsayin wurin shan iska da motsa jiki, a koma gida in dare ya yi.

Sai ga watan Yulin 2016. Cikin 'yan kwanaki lambun ya koma kamar kasuwa. Ɗaruruwan mutane suke cika shi kullum, kowa ya sunkuyar da kai yana shafar allon waya da yatsa. Ba biki ake yi ba, ba taron siyasa ba ne, babu wanda ya buga sanarwa. Farauta suka zo yi, farautar wasu halittu da ba a ganinsu sai ta allon waya, a wani sabon wasa mai suna Pokémon GO.

Cikin kimanin shekara guda, hukumar yankin ta kafa doka a kan irin wannan wasa, wani kamfani ya maka ta a kotu, alƙali kuma ya dakatar da dokar. Labarin ya shafi duk mai riƙe da wayar zamani, ko da bai taɓa buga wasan ba. Manhajar da ta san inda mutum yake tsaye tana iya ja masa ƙafa zuwa inda take so, kuma wanda ya zana taswirar da ke cikinta shi ke da wuƙa da nama.

Wane irin wasa ne?

Asalin Pokémon daga ƙasar Japan ne. A 1996 aka fara sayar da shi a kan ƙaramar na'urar wasa ta kamfanin Nintendo mai suna Game Boy. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, tun yana yaro sha'awarsa ita ce yawon kamo ƙwari yana tarawa, kuma a kan wannan tunani aka gina wasan: a nemo halitta, a kama ta, a rene ta, a kai ta fagen karawa.

Wanda ya fito da farautar daga cikin ɗaki zuwa titi shi ne kamfanin Niantic, ƙarƙashin jagorancin John Hanke. Hanke tsohon hannu ne a harkar taswira. Kamfaninsa na baya, Keyhole, shi ne Google ya saya a 2004 ya mayar da shi Google Earth. A cikin Google aka kafa Niantic, kafin ya tsaya da ƙafarsa a 2015. Ranar 6 ga Yulin 2016 aka saki Pokémon GO a Amurka da Ostireliya da New Zealand, kuma zuwa watan Satumba an sauke shi sama da sau miliyan 500.

Idan aka buɗe wasan, taswirar unguwar da mutum yake ciki ce za ta bayyana, da wani ɗan mutum a tsaye a tsakiya. In mai wayar ya taka, shi ma ya taka. Halittun suna ɓullowa a kan taswirar, sai a taɓa guda, a riƙa jefa mata ƙwallo da yatsa har ta shiga. Wanda ya so yana iya kunna kyamara, ya ga halittar kamar tana tsaye a kan ciyawar da ke gabansa. Wannan ita ce fasahar AR, wato ɗora hoton da kwamfuta ta ƙirƙira a kan abin da kyamara take gani.

Ƙwallayen suna ƙarewa, kuma ana samun wasu kyauta a wuraren da ake kira PokéStop, waɗanda za a iya kira tashoshi. Kowace tasha wuri ne na gaske: gunki, ko allon tarihi, ko zanen bango, ko ƙofar lambu. Sai mutum ya matso kusa da ita da ƙafarsa sannan za ta ba shi kaya, kuma sai bayan minti 5 zai sake samu. Akwai kuma Gym, wato fagen da rukunoni uku na 'yan wasa, ja da shuɗi da rawaya, suke karawa don mallake wuri. Sannan akwai ƙwai, wanda ba ya ƙyanƙyashewa sai an yi tafiyar kilomita 2 ko 5 ko 10, wasu 7 ko 12. Wanda ya ce zai yi wayo ya hau babur ya yi asarar mai, domin da zarar gudu ya wuce na mai sassarfa, wasan ya daina lissafi.

Abin da ya fi tara jama'a shi ne wani kayan wasa mai suna Lure, wanda aikinsa kamar koto ne a bakin ƙugiya. Idan mutum ɗaya ya saka shi a tasha, halittu za su yi ta tururuwa zuwa wurin na tsawon minti 30, kuma duk wanda ke kusa zai amfana. Kowa yana hango tashar da aka saka wa koton a taswirarsa tun daga nesa. Inda tashoshi uku ko huɗu suka haɗu a wuri guda, wannan ya saka, wancan ya saka, sai taro ya ƙi watsewa.

Me ya sa sai lambu?

Dalilai uku ne suka sa lambun shaƙatawa ya zama cibiyar wannan wasa, kuma duka ukun na fasaha ne.

Na farko shi ne GPS. Waya tana sanin inda take ne ta hanyar sauraron siginar taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Tana buƙatar aƙalla guda huɗu kafin ta lissafa wurin da take, sannan ta ƙara da bayanan turakun kamfanonin sadarwa da na Wi-Fi don saurin ganewa. A fili, inda babu abin da ya tare sama, kuskuren lissafin ba ya wuce kimanin mita 5. A tsakanin dogayen gine-gine kuwa siginar tana bugun bango ta dawo, sai a ga ɗan mutumin da ke taswira yana ta yawo alhali mai wayar yana zaune. Lambu fili ne, saboda haka a can wasan ya fi tafiya daidai.

Na biyu shi ne asalin tashoshin. Ba ma'aikatan Niantic ne suka zagaya duniya suna zaɓar su ba. Tun a 2012 kamfanin yake da wani wasa mai suna Ingress, inda 'yan wasa suke ɗaukar hoton wurare masu jan hankali su aika, in an amince a saka su a taswira. A 2016 Hanke ya ce an aiko musu da wurare kusan miliyan 15, sun amince da kimanin miliyan 5. Waɗannan wurare ne aka kwaso aka mayar tashoshi da fagagen Pokémon GO. Tsohon lambu irin Lake Park, mai cike da gadoji da allunan tarihi, ya tara irin abubuwan da 'yan Ingress suke nema. Tun kafin a saki sabon wasan an riga an shuka masa taron, ba tare da hukumar lambun ta sani ba.

Ba kuma duk wurin da aka amince da shi ne yake zama tasha ba. Wasan yana amfani da wani tsarin lissafi na Google mai suna S2, wanda ya yanka doron duniya fuloti-fuloti, kowane fuloti a sake raba shi huɗu, har mataki 30, inda ƙaramin cikinsu bai wuce faɗin farce ba. 'Yan wasa ne suka gano ƙa'idar ta hanyar gwaji: a fulotin mataki na 17, mai kusan mita 70 a kowane gefe, tasha ɗaya ake bari. A babban fuloti na mataki na 14 kuwa, in tashoshi suka kai 2, ɗaya ta zama fage, in suka kai 6 a samu fage biyu, in suka kai 20 a samu uku. Lambu mai faɗi, wanda abubuwansa suke a warwatse, ya fi cin moriyar wannan lissafi a kan titin da aka cunkushe komai wuri guda.

Na uku shi ne taswirar kanta. Da farko taswirar Google ce ake gani a wasan, amma a watan Disamban 2017 aka koma OpenStreetMap, wata taswira ta kyauta da 'yan sa-kai suke zanawa. A cikinta kowane fili yana da tambari. Filin da aka yi wa tambarin leisure=park, wato lambun shaƙatawa, yana fitowa da kore mai duhu a wasan, kuma irinsa ne yake zama sheƙa, inda halitta iri ɗaya take yawaita na tsawon mako biyu kafin a sauya ta da wata. Mai neman wata halitta ta musamman ba shi da zaɓi sai ya tafi lambun da take sheƙa.

Lokacin da maƙwabta suka gaji

Ga 'yan wasa, Lake Park ya zama abin nema ya samu. Ga mazauna gidajen da ke kewaye da shi kuwa, abin ya zama ciwon kai. Sun koka da shara, da ciyawar da aka tattake, da cunkoson motoci, da banɗakunan da suka kasa ɗaukar jama'a, da mutanen da suke kaiwa tsakar dare bayan lokacin rufe lambu ya wuce. Kuɗin kwashe shara da na ƙarin jami'an tsaro kuma daga aljihun hukuma suke fita, wato daga harajin mutanen yankin. Kamfanin da ya jawo taron yana can jihar California yana ƙirga riba.

A watan Agustan 2016 hukumar kula da lambunan gundumar Milwaukee ta rubuta wa Niantic takarda, tana neman ya nemi izini kafin ya saka tashoshi a filayenta. A watan Fabrairun 2017 majalisar gundumar ta amince da dokar da ɗan majalisa Sheldon Wasserman ya gabatar. Dokar ta ce duk kamfanin da yake son wasansa na AR ya yi aiki a lambunan gundumar sai ya cike takardar neman izini irin ta masu shirya babban taro. Zai faɗi yawan mutanen da yake sa ran za su zo, da rana da lokaci, ya kawo tsarin kwashe shara da na tsaro da na agajin gaggawa, ya kuma nuna shaidar inshora ta dala miliyan 1.

Ba Niantic ne ya ƙalubalanci dokar ba. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Candy Lab, wanda yake da nasa wasan, Texas Rope 'Em, inda ake yawon tattara katin karta a wurare na gaske. A watan Afrilun 2017 ya shigar da ƙara a kotun tarayya. Hujjarsa ita ce wasan bidiyo wani nau'i ne na faɗin albarkacin baki, kamar littafi ko fim, kuma tun a 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hakan. Ya kuma nuna cewa wasan waya ba shi da ranar farawa ko lokacin tashi, kuma mai manhaja ba zai iya sanin mutum nawa za su je wani lambu ranar Asabar ba.

A watan Yulin 2017 alƙali J.P. Stadtmueller ya ba da umarnin dakatar da aiki da dokar. A ganinsa, ta bai wa jami'ai ikon amincewa ko hanawa yadda suka ga dama, ba tare da wani ma'auni bayyananne ba. Bai ƙaryata koken maƙwabta ba. Ya nuna cewa hukuma tana da wasu hanyoyin, kamar hukunta duk wanda ya karya dokar lambu, ko keɓe wa 'yan wasa wasu sassa. Kafin ƙarshen shekarar gundumar ta sasanta, ta amince ba za ta yi aiki da dokar ba, ta kuma biya dala 83,000 na kuɗin lauyoyin kamfanin.

Wasu wuraren sun bi wata hanyar. A unguwar Rhodes ta birnin Sydney a Ostireliya akwai wani ɗan ƙaramin lambu mai suna Peg Paterson, wanda dogayen gidaje suka kewaye, mai tashoshi uku kusa da juna. Jama'a suka riƙa cika shi har dare, har wasu mazauna benaye suka fara jefo musu ruwa daga sama. Ƙaramar hukumar yankin ta kai kuka ga Niantic, aka cire tashoshin, taron ya watse. Gidan tarihin tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa da ke Washington, da lambun tunawa da harin nukiliya na Hiroshima, su ma sun nemi a cire su daga wasan, domin ba wuraren wasa ba ne.

Sai a 2019 aka samu wani tsari tabbatacce, bayan wasu masu gidaje a Amurka sun haɗu sun kai Niantic ƙara. Kamfanin ya amince cewa mai gida zai iya neman a cire duk tashar da ke cikin mita 40 daga gidansa, hukumomin lambuna kuma za su iya neman tashoshinsu su riƙa bin lokacin buɗewa da rufewa.

Unguwar da taswira ta manta

Kukan Milwaukee na yawa ne. A wasu wuraren kuwa kukan na rashi ne. Tunda 'yan Ingress ne suka aiko da wuraren, sai tashoshin suka taru a inda su suke zaune ko suke aiki. Cibiyar bincike ta Urban Institute ta duba birnin Washington a 2016, ta gano cewa unguwannin da farar fata suka fi yawa sun fi na baƙar fata tashoshi nesa ba kusa ba. Mazauna karkara a ko'ina su ma sun koka cewa in suka buɗe wasan fili kawai suke gani, ba tasha ba fage.

Wannan matsala ce ta fi kusa da matashin da ke wannan yanki na Afirka. A watan Oktoban 2016 aka buɗe wasan a hukumance a ƙasashen nahiyar kusan 30, ciki har da Nijar da Ghana da Chadi. Akwai ma wata halitta mai suna Tropius, mai dogon wuya da fukafukan ganye da nonon ayaba a ƙarƙashin haɓa, wadda aka keɓe wa Afirka da wasu yankunan da ke maƙwabtaka da ita, har 'yan wasan wasu nahiyoyin suna neman wanda zai yi musu musayarta. Amma wanda ya buɗe wasan a unguwar da ba a taɓa zana ta ba, zai ga kamar babu kowa a garin. Ba laifin wayarsa ba ne, ba kuma laifin kamfanin sadarwa ba. Babu wanda ya shigar da unguwar a taswira ne.

Gyaran yana hannun mutanen unguwar, ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce Wayfarer, tsarin da Niantic ya buɗe a 2019, inda ɗan wasan da ya kai wani mataki mai nisa yake ɗaukar hoton wuri, ya rubuta bayaninsa, wasu 'yan wasan su duba su amince ko su ƙi. Ana karɓar filin ƙwallo, ɗakin karatu, tsohuwar ƙofar gari, zanen bango da makamantansu. Ba a karɓar gidan mutum, ko makarantar firamare da sakandare, ko wurin da zai tare hanyar motar asibiti da ta kashe gobara, ko inda mai tafiya a ƙasa ba zai isa lafiya ba.

Ƙofa ta biyu ita ce OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004. Kowa yana iya yin rajista kyauta ya zana titi ko lambu ta burauza, ko ta manhajar Android irin Vespucci. Wasan ba ya ɗaukar gyaran nan take, sai lokaci-lokaci yake sabunta taswirarsa, saboda haka sai an yi haƙuri.

A nan akwai amana. Wasu 'yan wasa sun riƙa zana lambunan ƙarya a kan gidajensu don su samu sheƙa. A 2024, da aka saki wata halitta mai suna Wiglett da ba ta fitowa sai a bakin teku, sai aka wayi gari da gaɓar teku ta bogi a tsakiyar garuruwan da ko kogi babu, 'yan sa-kai suka yi ta aikin gogewa. Wannan taswira ba ta wasa ba ce kawai. Da ita ma'aikatan agaji suka yi aiki lokacin annobar Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo. Wanda ya zana titin unguwarsu daidai ya yi wa mai kai saƙo da direban motar asibiti aiki. Wanda ya zana ƙarya kuwa yana iya ɓatar da su.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Kyauta ake sauke wasan, amma kamfani ba ya aiki don Allah. Ana sayar da kayan wasa a ciki, kamfanoni kuma suna biyan kuɗi a mayar da shagunansu tashoshi, kamar yadda McDonald's ya yi a Japan tun ranar da aka buɗe wasan a can. Abin da ake sayarwa a nan shi ne ƙafar ɗan wasa.

Sai kuma bayanai. Wasan ba ya aiki sai an ba shi izinin sanin wurin da mutum yake, kuma wanda ya kunna tsarin Adventure Sync yana ba shi damar lissafa takunsa ko da manhajar tana rufe. A makon farko na fitowarsa an gano cewa masu iPhone da suka shiga da asusun Google sun ba shi cikakken izini a kan asusun ba tare da sun sani ba. Kamfanin ya ce kuskure ne, ya gyara cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma wani aiki da wasan yake ba 'yan wasa, na zagaya tasha suna ɗaukar ta da kyamara don samun lada. Ba dole ba ne, ganin dama ne. A watan Nuwamban 2024 Niantic ya bayyana cewa da irin waɗannan hotuna, daga wurare kusan miliyan 10, yake gina wata ƙirƙirarriyar basira da za ta iya gane inda kyamara take tsaye daga abin da take gani. A watan Maris na 2025 ya sanar da sayar da sashen wasanninsa ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan 3.5. Scopely mallakin Savvy Games Group ne, wanda yake ƙarƙashin asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya. Sashen taswirar kuwa ya koma sabon kamfani mai suna Niantic Spatial. Wato masu zagaya lambu suna farauta, su ne kuma masu aikin zana taswira, kuma kamfanin da mutum ya amince wa da bayanansa jiya ba lallai ne shi yake riƙe da su yau ba.

Kafin a fita farauta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne waya. Wasan yana buƙatar RAM aƙalla 2GB, ba ya aiki a wayar da aka yi wa rut, kuma a 2025 an daina tallafa wa wayoyin Android masu tsarin 32-bit, wanda wasu ƙananan wayoyi masu araha suke kansa. In Play Store ya ce waya ba ta dace ba, gara a haƙura da a sauke fayil daga shafin da ba a sani ba. Tun a 2016 aka kama wani kwafin wasan na bogi ɗauke da manhajar leƙen asiri.

Ba ya cin data kamar kallon bidiyo, sai dai lokacin sabuntawa. Batir ne yake sha, domin allo da GPS da intanet duk a kunne suke lokaci guda. Kashe AR, da rage hasken allo, da kunna Battery Saver da ke cikin wasan suna taimakawa, amma pawa bank ya fi. A lokacin zafi waya tana ɗaukar zafi ta fara nauyi, saboda haka safiya ko bayan la'asar ya fi tsakar rana.

Manhajojin da suke yi wa GPS ƙarya don a yi wasa daga kan gado suna jawo hukunci mataki uku: gargaɗi na kwana 7, dakatarwa ta kwana 30, sannan rufe asusu gaba ɗaya.

Tsaro ya fi komai. A makon farko na wasan, 'yan sandan garin O'Fallon a jihar Missouri sun kama wasu matasa da ake zargi da yi wa 'yan wasa fashi a kusa da tashoshi. A garin Encinitas na California mutum biyu sun faɗo daga kan gaɓa mai tsawo suna kallon waya. Masu bincike a jami'ar Purdue sun duba rahotannin 'yan sanda na wata gunduma a jihar Indiana, suka ga haɗurran mota sun ƙaru a kusa da tashoshi bayan fitowar wasan. A garuruwan da ƙwacen waya ya yi ƙamari, tafiya da waya a hannu kai a sunkuye gayyato ɓarawo ne. A fita da abokai, da rana, a wurin da jama'a suke. Kada a ɗaga kyamara kusa da bariki ko ofishin 'yan sanda. Masallaci da coci da maƙabarta kuma suna da alfarmarsu, ko da taswira ta nuna tasha a ƙofarsu.

Batun motsa jiki gaskiya ne, amma da iyaka. Wani bincike da masana daga jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar BMJ a Disamban 2016 ya nuna 'yan wasa sun ƙara taku kusan 955 a kowace rana a makon farko, amma zuwa mako na shida sun koma yadda suke. Abin da ya fi riƙe mutane shi ne haɗuwa da juna. Shi ya sa aka ƙirƙiro farmakin taron dangi a 2017, inda mutum har 20 suke haɗuwa a fage ɗaya su kayar da babbar halitta, da kuma Community Day da aka fara a watan Janairun 2018, inda sau ɗaya a wata ake cika lambuna na 'yan awanni.

Lake Park yana nan yadda Olmsted ya zana shi, da gadojinsa da hasumiyarsa. Turmutsutsun 2016 ya wuce, dokar 2017 ba ta yi aiki ba, kamfanin da ya jawo taron ya sayar da wasan. Abin da alƙalin ya nuna shi ne ya rage: dokar lambu tana kan duk wanda ya taka ciyawarsa, ko da waya ya zo ko ba da ita ba. Ɗan wasan da ya kwashe shararsa, ya fita lokacin rufewa, ya bar maƙwabta suka yi barci, shi ne yake hana a cire tashar da yake zuwa dominta.